Tambaya da Amsa: Tsuntsun da Ke Busa Sarewa a Dajin Amazon

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya nuna min bidiyon wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa yana kuka kamar ana busa sarewa, wai a Birazil yake. Na ce masa haɗin kwamfuta ne, shi kuma ya kafe. Waye mai gaskiya a cikinmu? Kuma ana iya kiwonsa a keji kamar kanari?
Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, sai haƙuri, wannan karon yaro ya kayar da kai. Wannan siffar ta uirapuru ce, sunan da mutanen Birazil suka gada daga harshen Tupi, na 'yan asalin ƙasar. A dajin Amazon yake zaune, daga Birazil har Peru, Bolibiya, Kolambiya da Giyana. Tsawonsa kamar santimita 12 ne, bai kai gwara cika ido ba. Jikinsa ruwan ƙasa, maƙogwaronsa ja-ja, kuma ba ya hawa can ƙololuwa. Yana ƙasa-ƙasa cikin duhuwa yana tonon busassun ganye, yana cin ƙwari da gizo-gizo, wani lokaci ya bi rundunar kwarkwasa yana tsintar abin da ta koro.

Kukan ne abin magana. Ranar da na fara sauraronsa, uwargidana ta leƙo daga madafa tana tambayar waye ke fito a cikin gida. Sautin yakan fito ɗaya bayan ɗaya, tas-tas, ya hau ya sauka, sai ya tsinke da wani ɗan gurnani kamar mai gyaran murya, sannan ya koma. A 2013 wata mai tsara kiɗa, Emily Doolittle, da masanin tsuntsaye Henrik Brumm sun auna sautukan, suka tarar tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da wadda kunnen ɗan Adam ke jin daɗi, har wasu gaɓoɓin sun yi kama da kiɗan Bach da Haydn, shahararrun masu tsara kiɗa na Turai na zamanin da. Ni dai ban yarda a ce tsuntsun ya yi kama da su ba. Ai ya riga su fara waƙa. Tun 1917 ma Heitor Villa-Lobos, wani mai tsara kiɗa ɗan Birazil, ya tsara kiɗa ya sa masa sunan tsuntsun.

Mutanen daji suna cewa idan ya fara kuka, sauran tsuntsaye shiru suke yi. Wannan tatsuniya ce ta jawo masa wahala, domin an daɗe ana neman gashinsa, ko gawarsa busasshiya, a yi laya ta farin jini da sa'ar kasuwa.

Zancen keji kuwa, ka cire shi a ranka. Kanari gero yake ci, shi kuwa wannan sai ƙwaro mai rai da laimar daji. Hunturun Funtuwa kaɗai ya isa ya gama da shi. Ka dai roƙi yaron ya turo maka bidiyon a wayarka.