Amsa ga ɗalibar da ke shirin tahowa Leeds: batun kayan sanyi da gwanjon Ingila

Assalamu alaikum, ƙanwata. Saƙonki ya iso ni, kuma ina taya ki murnar samun gurbin karatun digiri na biyu, Allah ya sa a fara a sa'a. Abu biyu kika tambaya: na farko, ko ya dace ki cika akwati da kayan sanyi tun daga Kano kafin ki taso a watan Satumba, ko kuwa ki bari sai kin iso, na biyu, ko gaskiya ne abin da aka gaya miki cewa yawancin ɗalibai a nan gwanjo suke sawa, domin kin ce ba kya son ki zama abin nuni a cikin aji, kuma kuɗin da aka ware miki ba zai ɗauki sayen sababbin kaya masu tsada ba.

Bari in fara da ta biyun, tunda ita ce ta fi damun ki. Gaskiya ne, kuma ba ɗalibai kaɗai ba. A Birtaniya akwai shagunan ƙungiyoyin agaji sama da 10,000, inda mutane ke kai tufafin da suka daina sawa kyauta, a sayar, a zuba kuɗin cikin aikin ƙungiyar. Za ki ga sunayen Oxfam da British Heart Foundation da Cancer Research UK da Barnardo's da Sue Ryder a kusan kowane babban titi. Al'adar ta daɗe, domin shagon Oxfam na titin Broad Street da ke birnin Oxford tun ƙarshen shekarun 1940 yake buɗe, har yau kuma ana ciniki a cikinsa. Malamar jami'a za ta shiga irin wannan shago ta sayi kwat, gobe ta sa shi ta zo aji, idan kika yaba mata ta gaya miki inda ta samo shi da nawa ta biya, tana alfahari da arahar da ta yi. Kunyar da muke ji a gida idan aka gane tufarmu ta dila ce ba ta da gurbi a nan, saboda haka ki cire wannan daga ranki tun yanzu.

Game da tambayar farko kuwa, shawarata ita ce ki sayi jaket guda ɗaya mai kauri da suwaita ɗaya a Ƙofar Wambai, abin da za ki sauka da shi daga jirgi ya riƙe ki makonnin farko, ki tsaya a nan. Dalilina shi ne, gwanjon da kike gani a Kano yawancinsa daga irin waɗannan ƙasashe ya fito, bayan an riga an tsince na tsincewa. Abin da shagunan agaji suka kasa sayarwa akan sayar wa 'yan kasuwa bisa nauyi, su tace shi, su ɗaure dila-dila, su tura ƙasashen waje, ciki har da kasuwar Kantamanto da ke Accra da tashar jirgin ruwa ta Kwatano, inda da yawa daga kayan da ke shiga Nijeriya suke biyowa. Masu tacewar sun san yanayin kowace ƙasa, don haka manyan kwat na ulu sun fi karkata zuwa ƙasashe masu sanyi, abin da ke isa wajenmu kuma ya fi dacewa da hunturu. Sanyin hunturu busasshe ne, rana na ɗagawa ya sake ki. Na Leeds jiƙaƙƙe ne, da yayyafi da iska mai ratsa tufa, a watan Janairu ma'aunin zafi yakan wuni bai wuce digiri 6 ko 7 ba, da dare ya sauka kusa da sifili, a Disamba kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Tufar da ta yi miki aiki a sanyin Kano ba lallai ta yi a nan ba.

Akwatin da yawancin kamfanonin jirgi ke ƙayyade wa kilo 23 ya fi cancanta da abin da ba za ki samu a nan cikin sauƙi ba: atamfofinki da leshinki da aka riga aka ɗinka, dogayen riguna, mayafai da hijabai masu kyau. Ɗinki a ƙasar nan yana da tsada ƙwarai, kuma ranar Sallah ko ranar wani taron suna za ki gode wa Allah da kika taho da naki.

Idan kin iso kin huta, ki fara da unguwar Headingley, wadda ɗalibai suka fi yawa a cikinta, inda shagunan agaji suke jere kusa da juna a kan titin Otley Road. Amma ki sani kayan kowane shago daga mutanen da ke kewaye da shi suke fitowa, don haka shagon unguwar masu hali ya fi tara kaya masu daraja. Wata Asabar ki hau jirgin ƙasa zuwa Harrogate ko Ilkley, garuruwan da ba su da nisa daga Leeds, ki ga bambanci da idonki. Farashinsu ya ɗan ɗara, amma a can ne na fi ganin kwat na ulu tsantsa wanda da ƙyar aka sa shi sau biyu. A abin da na saba gani, kwat mai kyau yakan kama daga fam 10 zuwa 25, suwaita daga fam 4 zuwa 8, alhali sabon kwat na ulu a babban kanti yakan haura fam 100. Shagunan sukan rufe wajen ƙarfe biyar na yamma, wasu ba sa buɗewa ranar Lahadi, kuma ba a tayi a cikinsu. Abin da aka rubuta a jikin takardar shi za ki biya, kada ki tsaya neman ragi wajen dattijuwar da ke bakin kanta, domin aikin sa kai take yi, ba ita ta sa farashin ba.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma maganar tana nan daram ga wanda ke saye da ido kawai. Wanda ke saye da hannu yakan ci ribar arahar, don haka ga yadda nake duba kwat kafin in biya. Ina fara juya shi in nemo 'yar takardar da aka ɗinke a gefen ciki, wadda ke faɗin abin da aka saƙa shi da shi, domin ita ta fi sunan kamfanin da ke wuya muhimmanci. Idan ulu ya kai rabi ko fiye, zai yi ɗumi. Idan roba ce zalla irin su akirilik, zai yi kyau a ido amma iska za ta ratsa shi, bayan wanki kaɗan kuma ya fara yin ƙulli-ƙulli. Daga nan in ɗaga shi wajen hasken taga in duba ko akwai ƙananan huji, alamar asu ya ci shi. In duba hammata da bakin hannu da wuya, inda tsufa da dauɗa suka fi ɓoyewa, in zura hannu cikin aljihu in ji ko shafin ya yage, in ja zif sama da ƙasa har sau biyu, in ƙirga maɓallai. Maɓalli guda da ya ɓace ba matsala ba ne ga mai allura da zare, amma zif ɗin da ya lalace ki ajiye kwat ɗin, domin kuɗin gyaransa a nan zai iya zarce kuɗin sayensa. A ƙarshe in sansana. Warin ajiya yana fita da wanki da shanya, warin taba kuwa da ya kama ulu yana da taurin kai.

Ki gwada kwat ɗin a kan suwaita, kada ki gwada shi a kan riga mara nauyi, ki miƙa hannuwanki gaba ki ji ko kafaɗa ta ɗaure. Ki nemi wanda ya sauka har gwiwa ko ƙasa da haka, mai hula idan zai yiwu, domin laima ba ta cika jure iskar Leeds ba. Wannan tsawon yana da wani amfani a gare mu: kwat mai tsayi, baƙi ko ruwan toka ko ruwan ƙasa, yana zama daidai a kan abaya ko doguwar riga, ya suturta ki, ya kuma fito da ke tsaf. A ganina nan ne adon ɗaliba yake a lokacin sanyi, tunda wata biyar ko shida kwat ɗin ne mutane za su fi gani a jikinki, abin da ke ƙarƙashinsa sai kin shiga ɗaki. Kwat ɗaya na kirki da mayafai uku ko huɗu masu launi daban-daban sun fi tarin jaket masu arha da za su cika miki ɗan ƙaramin ɗakin kwanan ɗalibai. Sai dai ki kula da tsawon abayar, domin wadda ke jan ƙasa za ta sha ruwan titi ta jiƙe miki ƙafa tun kafin ki kai aji. Ki sa tela ya rage miki biyu daga cikinsu zuwa idon sawu kafin ki taso.

Takalmi shi ne inda nake ƙara taka-tsantsan. Lambar takalmin da muka saba da ita a gida ta Turai ce, ta Birtaniya daban take: 39 namu shi ne 6 a nan, 38 kuma 5. Ki juya takalmin ki duba ƙasansa, idan ya cinye ta gefe guda to ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, zai dame ki. Ki leƙa cikinsa kuma, domin wasu takalman ana yi musu shafi da fatar alade, wadda ake ganewa da ɗige-ɗige ƙanana da ke zuwa uku-uku a jikin fatar. Idan ba ki samu takalmin but mai hana ruwa shiga wanda ya gamsar da ke ba, ki sayi sabo, ba asara ba ce. Haka nan kayan ciki da safa da 'yan matsattsun rigunan ɗumi da ake sawa ƙarƙashin tufa, waɗannan sababbi za ki saya, a kantin tufafi na Primark ba su da tsada.

Bayan shaguna akwai manhajojin waya, wadda ta fi karɓuwa yanzu ita ce Vinted, da aka kafa a ƙasar Lithuania a 2008. A nan mutum da mutum ne ke ciniki, ana iya tayi, mai kaya ya karɓa ko ya ƙi. Amma ki lissafa da kyau, domin mai saye ne ke biyan kuɗin aike da wani ɗan kuɗin kariya, ta yadda rigar fam 3 za ta iya komawa fam 7 kafin ta iso hannunki. Tunda ba za ki taɓa kayan ba, ki taho da tef ɗin awo daga gida, ki auna rigar da ta zauna miki daidai, ki roƙi mai kayan ya turo miki faɗin ƙirji da tsawo da hoton takardar ciki. Lambar girman riga 12 ta wannan kamfani ba ita ce 12 ta wancan ba. Kwana biyu kacal kike da su bayan kaya sun iso ki kai ƙorafi idan ba abin da aka nuna miki ba ne, saboda haka ki buɗe ƙunshin a ranar. Duk wanda ya ce ki tura masa kuɗi ta banki a wajen manhajar don ya rage miki, ki rabu da shi. Akwai kuma kasuwar bayan mota da ake ci da sassafe a ƙarshen mako, inda mutane ke baje kayan gidansu a fili, ana tayi ana biya da tsabar kuɗi, sai dai ta fi ci daga bazara zuwa kaka, kuma yawanci a bayan gari take.

Lokaci ma yana da tasiri a farashi. A Satumba da Oktoba shaguna ke fito da kayan sanyi, a lokacin ne kuma sababbin ɗalibai ke rububinsu, don haka kada ki jira sanyi ya kama ki sannan ki fita nema. A Janairu mutane kan kai kyaututtukan Kirsimeti da ba su so ba, wasu da takardar kantinsu a jiki. A Maris da Afrilu ana karya farashin kwat don a samu wurin kayan bazara. A watan Yuni kuma ɗaliban da suka kammala suna barin kaya jibgi, har British Heart Foundation takan ajiye manyan akwatunan tarawa a gidajen kwanan ɗalibai. Abaya da hijabi ba su cika fitowa a shagunan Headingley ba. Don su ki nufi unguwar Harehills a nan Leeds, ko birnin Bradford da ke kusa, inda Musulmi suke da yawa.

Duk abin da kika sayo, kada ya shiga cikin sauran kayanki sai an wanke shi. Na auduga ki wanke a digiri 60 idan takardarsa ta yarda. Ulu kuwa ruwan zafi yana tsuke shi har ya koma na yara, don haka ki sa shi cikin leda ki ɗaure, ki ajiye a firiza kwana uku ko fiye domin kashe asu da ƙwansa, sannan ki wanke suwaita da hannu cikin ruwan sanyi ki shimfiɗa ta ta bushe a kwance. Kwat na ulu masu wankin kwat ake kai wa, kuma ladansu zai iya kai kuɗin da kika saye shi, don haka ki haɗa wannan cikin lissafi tun kina shago. Ki riƙa karɓar rasidi ki kuma tambayi ƙa'idar mayar da kaya, domin wasu shagunan musanya kawai suke yi, ba sa mayar da kuɗi.

Idan kin samu ranar tashinki ki sanar da ni, in Allah ya yarda Asabar ɗin farko za mu zaga Headingley tare. Ki gaishe da su Hajiya.