Cire bayan hoto ba da magogi ba

Malam, ka ce in kana cire bayan hotunan angwaye a shagonka na Gezawa, gefen rawani yana tafiya tare da bango. Laifin magogi ne, wato Eraser, abin da ya ci ya ci.

A Photoshop ka ɗora wa leyar da hoton yake kai mayafi, wato layer mask, mai ɓoye sashen hoto ba tare da gogewa ba. Maɓallinsa na ƙasan jerin leyoyi, murabba'i mai da'ira a tsakiya. A jerin leyoyin ka danna kan mayafin, ba kan hoton ba, nan mutane ke tuntuɓe. Baƙin buroshi ɓoyewa yake, fari ya dawo da abin, ruwan toka ya bar shi shara-shara. In hannu ya zarce, danna harafin X a kibod launi ya juya, ka sake shafawa. Wajen gemu da rawani, buroshi mai taushin baki ya fi.

Adana a PSD, wato fayil ɗin Photoshop, don JPEG ba ya riƙe mayafi.