Tambaya da Amsa: Kwaɗo a Ƙofar Bene

Tambaya: Malam, muna haya a hawa na uku na wani bene a Maraɗi, matakala ɗaya ce, kuma mai gidan yana garƙame ƙofar ƙasa da kwaɗo saboda ɓarayi. Yaya za a kare mu daga gobara ba tare da mun tashi ba?

Amsa: Hajiya, kwaɗon nan ne abin tsoro, domin hayaƙi yakan cika matakala tun wuta ba ta iso ba, mai firgici kuwa ba ya samun makulli cikin duhu. Benen Grenfell na Landan, inda gobarar 2017 ta kashe mutum 72, matakala ɗaya gare shi. A sa sakata mai buɗuwa daga ciki, a kwashe babura da jarkokin fetur daga gindin matakala, sannan mai gyaran lantarki ya bi wayoyi hawa-hawa kuna zaune. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.