Wa Ya Ba Dagaci Ikon Raba Rigimar Gona?

Ɗana, saƙonka ya iso, mun gode Allah da kuna lafiya. Ka ce a makaranta an koya muku cewa doka ita ce abin da majalisa ta zartar aka sa wa hannu. To don me har yau idan rigimar gona ta tashi sai a nufi ƙofar mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi, kuma wa ya ba su wannan iko?

Malaminku bai yi ƙarya ba, sai dai daga tsakiya ya kamo zancen. Tun kafin takarda ta shigo ƙasar nan, mutane suna da abin da suka yarda a kai. Wanda ya sare daji, gona tasa ce. Ana dasa gamba a kan iyaka, ba mai tuge ta. Burtali na shanu ne, ba a nomansa. Dabba ta yi ɓarna, dattawa su kimanta, mai ita ya biya. Wanda aka ba aron gona zai ci abin da ya shuka, amma ba zai dasa itace ba, don kada jikokinsa su nuna shi gobe su ce nasu ne. Babu wanda ya zauna rana ɗaya ya tsara waɗannan. An yi faɗa ne aka sasanta, da irinsa ya sake tasowa aka ce a yi yadda aka yi wancan karo.

Raunin al'ada shi ne a bakin mutane take, mai ƙarfi kuwa yana iya juya baki. Abin da Musulunci ya kawo shi ne hukunci a rubuce, wanda talaka zai iya nunawa. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya sauka a Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda sarki zai riƙe jama'a da adalci. Duk da haka sarakuna suka ci gaba da yin nasu. Cikin abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tuhume su da shi, har aka kai ga jihadin 1804, akwai cin dukiyar mamaci da sunan gado, da karɓar gaisuwa, da ɗora harajin da shari'a ba ta san shi ba. Ka lura da kyau, nan ne tushen maganar: Shehu cewa ya yi shari'a tana hawa kan sarki kamar yadda take hawa kan mai tallan goro. Kuma mazhabarmu ta Malikiyya ba ta kashe al'ada ba. Abin da mutanen gari suka saba, muddin bai saɓa wa nassi ba, alƙali yana aiki da shi.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ba su da isassun ma'aikata, sai suka bar alƙalai a kan shimfiɗunsu ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Suka hana yanke hannu, suka ce ba a zartar da hukuncin kisa sai Gwamna ya amince. Ga kuma tasu dokar ta Turawa: gari ɗaya, doka biyu. A 1947 abin ya fito fili: kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani Tsofo Gubba hukuncin kisa, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke, saboda a dokar Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa ba a kashe shi. Aka daɗe ana ja-in-ja, har gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga nan aka sami kundin laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960. An ɗauko shi daga na Sudan, na Sudan kuwa daga wanda Ingila ta rubuta wa Indiya a 1860. Kaga dokar da ake ɗaure ɓarawon akuya da ita a Funtuwa ta yi tafiya kafin ta iso.

Kada ka ɗauka zamanin da duk alheri ne. Lokacin da kotu da 'yan doka da gidan yari duk suke hannun sarki, an ɗaure 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU da yawa a kan maganar siyasa kawai. Tsofaffin Kano ba su manta ba. Saboda haka ni ban ga laifin gwamnatin soja ba da ta soke kotunan sarakuna a 1967, ta mayar da na alƙalai kotunan yanki ƙarƙashin kulawar Babban Joji. A 1978 dokar mallakar ƙasa ta sa filayen jiha a hannun gwamna. Daga 1999 kuma Zamfara ta dawo da shari'ar Musulunci a kan laifuka, har jihohi 12 suka kasance a kan wannan tafarki.

Yau dai dagaci ba alƙali ba ne. Ba ya ɗauri, ba ya ƙwace gona. Sulhu yake yi, kuma maganarsa tana ɗaure ku ne idan dukanku kun amince. Wanda bai gamsu ba ya kai ƙara, ya ɗaukaka in ya so. Ana fara zuwa wurinsa ne don shi ya san wanda ya sare wane daji da wanda aka ba aro, kuma ko an je kotu shaidarsa za a nema.

Tunda kana birni, ga abin da za ka riƙe. A fiƙihunmu akwai hauzi: idan bare ya shekara 10 yana noma gonarka, kana nan kana gani, ba abin da ya hana ka magana amma ka yi shiru, da wuya alƙali ya saurare ka daga baya, sai in ka kawo shaidar cewa aro ne ko haya ko jingina. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo ƙwarai. In za ku ba wani aron gona, ku rubuta a gaban dagaci da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi.

Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka.