Suna tambayar kuɗi sai su ɓace, Anti ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ina neman shawara. Atamfa da leshi nake saidawa a gida, daga Kantin Kwari nake sarowa, kullum sai na ɗora hotuna a sitatus mutane su yi ta tambaya nawa ne nawa ne, ina faɗin kuɗin sai ki ji shiru kamar an aiki bawa garinsu, wata ma har tayi za ta yi in sallama ta ce anjima za ta turo kuɗin, shikenan an rabu ke nan. Wallahi na fara karaya.
Daga wata 'yar'uwa a Kano

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kar ki karaya dan Allah. Wacce ta tsaya ta tambaye ki kuɗi ai kayan sun shiga ranta, ƙila albashi take jira, ƙila sai ta nuna wa maigida, ƙila adashi ne bai zagayo kanta ba. Abin da ke min ciwo shi ne yawancinmu da mun ba da amsa sai mu bar maganar ta nitse a cikin saƙonni, bayan sati ɗaya ko sunan matar ba ma tunawa.

Toh ki samu ɗan littafi, duk wacce ta yi magana ki rubuta sunanta da lambarta da abin da ta tambaya, har kalar da take so da lokacin da take buƙata, biki ne ko suna ko Sallah. In kuma a waya kika fi so ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, tun 2018 ake amfani da shi, za ki iya ware mutane kashi-kashi, waɗanda suka tambaya kawai, waɗanda suka yi tayi, waɗanda suka ba da kafin alƙalami.

Bayan kwana 2 ko 3 sai ki waiwaye ta, amma ba da "ya maganarmu" ba, wannan kamar mai bin bashi ne. Ki gaishe ta da kyau ki ce Hajiya wannan atamfar ruwan goron da kika tambaya saura turmi ɗaya, in ajiye miki? In dai da gaske saura ɗayan ne fa, don in ta gan ta jibi a sitatus kin zubar da amanarki. Sau biyu ya isa, in ba ta amsa ba ki ƙyale ta sai kin kawo sabbin kaya. Wacce ta ce a ajiye mata kuwa ta sa wani abu a kai ko kaɗan ne.

Ki riƙa roƙon kowa ta yi sebin ɗin lambarki, don wacce ba ta ajiye ta ba ba za ta ga sitatus ɗinki ba, haka saƙon burodkas, wato saƙo ɗaya da ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka amma waɗanda suka ajiye lambarki kaɗai yake kaiwa. Kuma don girman Allah kar ki jefa mutane a gurup ba ki tambaye su ba, ni kaina fita nake yi.

Sabbin kwastomomi kuma ki fara da telar unguwarku, ita ta san wacce za ta aurar da 'ya da gidan da ake haɗa lefe, ki ba ta ɗan lada in ta turo miki mutum. Na Sallah ki fara bibiyar waɗanda ke littafinki tun watan Sha'aban, kafin teloli su rufe karɓar ɗinki.