Me zai sa mutum ya amsa laifin da bai yi ba?

Tambaya: Malam, na karanta labarin wani da ya amsa laifin kisa da bakinsa, ya sa hannu, ya yi shekaru a gidan yari, daga baya aka gano ba shi ba ne. Kuma ba a ce an doke shi ba. Ni dai abin bai shiga kaina ba. Mai cikakken hankali zai ɗora wa kansa kisa? Sannan masanan nan da ke duba yadda aka yi laifi su siffanta wanda ya aikata, ba su isa su hana irin wannan kuskuren ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kusan kowa haka yake cewa: ni ko wuƙa aka ɗora mini a wuya ba zan amsa ba. Alƙalai da masu taya su yanke hukunci ma haka suke gani, shi ya sa babu hujjar da ta kai amsa laifi nauyi a kotu. Amma abin yana faruwa, kuma ba jefi-jefi ba. Cikin mutum 375 da gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) ya wanke a Amurka, waɗanda ƙungiyar Innocence Project ta ƙidaya, kusan kashi 29 cikin ɗari akwai amsa laifi na ƙarya a shari'arsu.

Tun 1985 masana halayyar ɗan'adam Saul Kassin da Lawrence Wrightsman suka kasa abin gida uku. Akwai mai kai kansa ba wanda ya kira shi, don neman suna, ko taɓin hankali, ko don ya rufa wa wani asiri. Da aka sace jaririn shahararren matuƙin jirgin saman Amurka Charles Lindbergh a 1932, sama da mutum 200 ne suka ce su ne. Wannan bai cika ruɗa mai bincike ba. Sauran biyun su ne abin tsoro.

Na biyu ya san sarai bai yi ba, ya amsa ne don a ƙyale shi. Kwatanta ɗakin a ranka. Ƙofa a rufe, ba barci, duk sanda ya buɗe baki zai musa sai a katse shi. A ce masa an ga zanen yatsarsa, ko abokinsa ya riga ya tona, alhali ƙarya ce. Kotun Ƙolin Amurka ta bar wa 'yan sanda wannan dabara tun shari'ar Frazier da Cupp a 1969. Can kuma sai a sassauta murya: mun san ba da gangan ka yi ba, faɗi kawai a wuce wurin. Steven Drizin da Richard Leo sun bi diddigin irin wannan amsa guda 125 da aka tabbatar ƙarya ce, suka tarar inda aka san tsawon lokacin, tambayoyin kan kai kimanin awa 16. Bayan awa 16 mutum ba ya lissafin shekara ashirin a kurkuku, lissafin daren yau yake yi. Abin takaici, gaskiyarsa ce take cin amanarsa: yana ganin tunda bai yi ba, gobe bincike zai wanke shi, don haka ba ya neman lauya, ya sa hannu. Wasu yara biyar a New York, 'yan shekara 14 zuwa 16, haka suka amsa cewa da hannunsu a fyaɗen da aka yi wa wata mata a filin shaƙatawa na Central Park a 1989. Sai a 2002 wani mai suna Matias Reyes ya ce shi kaɗai ya yi, DNA kuma ya gaskata shi.

Na uku shi ne wanda aka juya wa tunani har ya fara zargin kansa. A 1996 Kassin da Katherine Kiechel sun zaunar da ɗalibai gaban kwamfuta, aka gargaɗe su kada su taɓa wani maɓalli. Kwamfutar ta tsaya, da ma haka aka shirya, aka ce sun taɓa. Babu wanda ya taɓa, amma kashi 69 cikin ɗari sun sa hannu, kashi 28 har sun yarda a ransu cewa su ne. Na san maɓalli ba kisa ba ne. Sai dai a Iceland, bayan ɓacewar wasu maza biyu a 1974, an tsare mutum shida a keɓe na tsawon watanni har suka fara ba da labarin abin da ba su tuna ba. Ba a taɓa ganin gawa ba, kuma a 2018 kotun ƙolin ƙasar ta wanke biyar daga cikinsu.

To, batun masu siffanta mai laifi. A ganina ba su ne maganin ba, wani lokacin ma ta wurinsu ciwon ke shiga. Sana'ar ta yi suna ne da James Brussel, likitan ƙwaƙwalwa da ya kwatanta mai dasa bama-bamai a New York, har da irin kwat ɗin da zai sa. Ana yawan mantawa cewa wata ma'aikaciyar kamfanin wutar lantarki, Alice Kelly, ita ta tono sunan mai laifin, George Metesky, cikin tsofaffin fayiloli a 1957. Daga baya jami'an FBI sun tattauna da makasa 36, suka raba su biyu: mai tsari da marar tsari. Da David Canter ya gwada wannan rabon a kan makasa 100 a 2004, bai tsaya da ƙafarsa ba. Siffa irin ta “namiji ne, ba ya shiga mutane, yana zaune kusa” ta dace da dubban mutane.

Dubi abin da ya faru a Landan. An kashe Rachel Nickell a filin Wimbledon Common a Yulin 1992. Masanin halayyar ɗan'adam Paul Britton ya ba da siffa, 'yan sanda suka ga ta hau kan Colin Stagg. Aka tura masa 'yar sanda ta yi shigar masoyiya, ta yi watanni tana jan sa ya ce shi ne. Bai ce ba. Duk da haka sai da ya yi fiye da shekara a tsare kafin alƙali ya yi fatali da ƙarar a 1994. Robert Napper, wanda ya amsa kisan a 2008 bayan DNA ya nuna shi, ya kashe wata mata da 'yarta a 1993, lokacin da idon kowa ke kan Stagg. Da Stagg mai raunin zuciya ne, da ya amsa, kuma da an ce siffa ta yi daidai.

Ka ga inda siffanta mai laifi da amsa laifi na ƙarya suka haɗu. Mai bincike ya shiga ɗaki ya riga ya yanke hukunci, daga nan kome wanda ake tuhuma ya yi hujja ce: ya yi shiru, yana ɓoye wani abu; ya yi kuka, nadama ce. Har bayanan sirri na laifin sukan zubo daga bakin mai tambaya ba tare da ya lura ba. Brandon Garrett ya duba mutum 40 da suka amsa kuma DNA ya wanke su. 38 sun faɗi abubuwan da aka ce mai laifi kaɗai ya sani.

Ingila ta ɗauki darasi: dokar aikin 'yan sanda ta 1984, wadda ake kira PACE, ta kai ga naɗar tambayoyi, aka kuma koma tsarin tattara bayani maimakon matsa wa mutum. A 2021 jihar Illinois ta hana yi wa yara ƙarya a ɗakin tambaya. Ni kuwa in aka kawo mini amsa laifi in duba, abu biyu nake nema: faifan zaman daga farko har ƙarshe, ba minti goman ƙarshe ba, sannan ko mutumin ya kai 'yan sanda ga wani abin da ba su sani ba, kamar inda aka jefar da makami.