Yaron da Ya Juya Wa Duniya Baya

Tambaya: Malam, na ga zanen wani yaro mara takalmi, ya juya baya, hannuwansa a harɗe. An ce akwai fim kan wanda ya zana shi. Wane ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Hanzala kika gani, kuma Naji al-Ali ne ya zana shi, Bafalasɗine mai zanen barkwanci na siyasa. Yana yaro aka kore su daga ƙauyensu, Shajara, a 1948, ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira na Ain al-Hilweh a Lebanon. Hanzala ya fara fitowa a wata jaridar Kuwait a 1969, ɗan shekara goma, kayansa duk faci, gashin kansa tsaitsaye kamar ƙaya. Naji ya hana shi girma sai ranar komawa gida.

Alƙalaminsa bai bar kowa ba: Isra'ila, Amurka, shugabannin Larabawa, har jagororin Falasɗinawan. An harbe shi a Landan a Yulin 1987, ya cika a watan Agusta, kuma ba a hukunta kowa da laifin kisan ba.

Fim ɗin na Masar ne, na 1992, Atef El-Tayeb ya ba da umarni, Nour El-Sherif ya fito a matsayin Naji. Wasu jaridun Masar sun yi masa ca, don marigayin bai raga wa tsohon shugaban Masar Anwar Sadat ba. Ni dai shawarata, ki fara da zanen kafin fim ɗin. Fim yana yawan bayani, zanen kuwa sau da yawa ko kalma ɗaya babu.